Steve Jobs: Mutumin da ya kafa kasuwar da bai so ta ci ba

A ranar 9 ga watan Janairun 2007, lokacin da Steve Jobs ya hau dandamali a birnin San Francisco na Amurka domin nuna wa duniya wayar iPhone a karon farko, babu kantin manhajoji a cikinta, kuma shi kansa ba shi da niyyar buɗe shi.

Wayar ta zo ne da 'yan manhajojin da kamfanin Apple ya zaɓa, kuma ba a yarda wani daga waje ya ƙara mata ko da guda ɗaya ba.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka sai ga kantin App Store, wanda ya sauya yadda jama'a ke amfani da wayar salula a ko'ina cikin duniya, har da waɗanda ba su taɓa riƙe iPhone ba.

Yadda Jobs ya ƙi wannan kasuwa da farko, da kuma sharuɗɗan da ya gindaya kafin ya amince ta ci, abu ne da ke da tushe a halinsa tun yana matashi.

Asalinsa

An haifi Steven Paul Jobs a San Francisco ranar 24 ga watan Fabrairun 1955.

Mahaifinsa, Abdulfattah Jandali, ɗan ƙasar Siriya ne daga birnin Homs, wanda ya je Amurka karatu. Mahaifiyarsa kuwa, Joanne Schieble, Ba'amurkiya ce da suka haɗu a Jami'ar Wisconsin. Ba su yi aure ba a lokacin, mahaifinta kuma bai amince da haɗin ba, don haka aka bayar da jaririn riƙo.

Paul da Clara Jobs ne suka raine shi a jihar Kalifoniya, kuma su ya ɗauka a matsayin iyayensa har ƙarshen rayuwarsa. Daga baya ya nemo mahaifiyarsa da ƙanwarsa, marubuciya Mona Simpson, amma bai nemi ƙulla zumunci da Jandali ba.

Paul Jobs makaniki ne, mai gyaran tsofaffin motoci yana sayarwa. A wajensa ne yaron ya fara koyon cewa aiki mai kyau har inda ido ba ya gani ake gyara shi.

Tun yana makarantar sakandare ya haɗu da Steve Wozniak, wanda ya girme shi da kusan shekara biyar kuma ya fi shi sanin kayan lantarki nesa ba kusa ba. Sana'ar farko da suka yi tare ta saɓa wa doka: Wozniak ya haɗa wata 'yar na'ura da ke yaudarar layukan kamfanin tarho ta yadda mutum zai buga waya kyauta, Jobs kuma ya shiga sayar da ita ga ɗalibai.

A 1972 ya shiga kwalejin Reed da ke jihar Oregon, ya bar karatun bayan wata shida, ko da yake ya ci gaba da leƙa wasu azuzuwa, ciki har da na koyon zayyanar rubutu. Ya yi aiki a kamfanin wasannin kwamfuta na Atari, ya yi tafiya zuwa Indiya a 1974, ya dawo yana bin tafarkin addinin Buddha.

Rigimar ramuka takwas

A ranar 1 ga watan Afrilun 1976 ne Jobs da Wozniak da wani mutum na uku, Ronald Wayne, suka kafa kamfanin Apple. Ba a yi mako biyu ba Wayne ya janye, ya karɓi dala 800 a madadin kasonsa na kashi 10 cikin 100.

Kwamfutarsu ta biyu, Apple II, wadda ta fito a 1977, ita ce ta yi musu arziki. Kuma a kanta ne aka fara ganin saɓanin da zai bi Jobs tsawon rayuwarsa.

Wozniak ya so a bar ramuka takwas a cikin kwamfutar, inda duk mai so zai iya soka nasa kayan ya ƙara mata aiki. Jobs ya so a bar biyu kacal. Wozniak ya kafe, kuma shi ya yi rinjaye.

Abin da ya biyo baya ya nuna Wozniak ne ke da gaskiya. A 1979 wasu mutane da ba ma'aikatan Apple ba suka fitar da VisiCalc, manhajar lissafin kuɗi da ta sa 'yan kasuwa da akantoci suka riƙa sayen Apple II saboda ita kawai.

To sai dai Jobs bai ɗauki darasin ba. Lokacin da ya samu damar jagorantar aikin kwamfutar Macintosh, wadda ta fito a watan Janairun 1984, ya sa an rufe ta ruf: babu ramin ƙari, kuma an ɗaure ta da kusoshin da ba kowane sukuddireba ke kaiwa gare su ba.

Macintosh ta burge jama'a da hotuna da linzamin kwamfuta, dabarun da Jobs ya gano a cibiyar binciken kamfanin Xerox a 1979. Amma ta yi tsada, dala 2,495, kuma manhajojinta ba su da yawa. Ciniki ya ja baya.

Dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da John Sculley, mutumin da shi da kansa ya ɗauko daga kamfanin Pepsi domin ya shugabanci Apple. Hukumar daraktoci ta goyi bayan Sculley, kuma a 1985 Jobs ya bar kamfanin da ya kafa, yana da shekara 30.

Faɗuwar da ta zama jari

Shekaru goma sha ɗaya da ya yi a waje su ne ake yawan tsallakewa idan ana ba da tarihinsa, alhali a cikinsu ne aka haifi babbar manhajar da ke sarrafa iPhone.

Ya kafa wani sabon kamfani mai suna NeXT. Kwamfutar da ya fitar a 1988 baƙar akwati ce mai kyan gani, da aka yi domin jami'o'i, amma a kan dala 6,500 babu jami'o'i da yawa da za su iya saya. Kimanin guda 50,000 kawai aka sayar kafin kamfanin ya daina ƙera kwamfuta a 1993.

Abin da ya rage masa shi ne babbar manhajarta, NeXTSTEP. An gina ta ne a kan tsarin Unix, wanda aka san shi da ƙarko, aka kuma haɗa ta da kayan aikin da ke sa mai ƙirƙirar manhaja ya gama cikin makonni abin da kan ci watanni.

A kan irin wannan kwamfuta ce Tim Berners-Lee ya tsara shafin intanet na farko a 1990, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Geneva.

A wannan tsakani ne kuma Jobs ya sayi sashen zanen kwamfuta na kamfanin Lucasfilm a 1986, wanda ya koma Pixar. Fim ɗin Toy Story na 1995 shi ya mayar da shi biloniya.

Shi kuwa Apple ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Babbar manhajarsa ta tsufa, ƙoƙarin sabunta ta ya ci tura, kuma Windows ta kamfanin Microsoft ta mamaye kasuwa. A watan Disambar 1996 Apple ya sayi NeXT a kan sama da dala miliyan 400, ya samu manhajar, ya kuma samu mai ita.

A watan Satumbar 1997 Jobs ya zama shugaban riƙo na kamfanin da ya yi asarar kusan dala biliyan ɗaya a wannan shekara. Ɗaya daga cikin matakan farko da ya ɗauka shi ne soke izinin da aka bai wa wasu kamfanoni na ƙera kwamfutoci masu amfani da manhajar Apple.

An gyara NeXTSTEP ta koma Mac OS X a 2001. A shekarar ce kuma aka fitar da na'urar sauraren kiɗa ta iPod, sannan a 2003 aka buɗe kantin iTunes, inda ake sayen waƙa ɗaya a kan santi 99. Ta wannan kanti ne Apple ya tara bayanan katin banki na miliyoyin mutane, ya kuma koyi sana'ar dillanci.

Waya a kulle

Da aka zo ƙera waya, ma'aikatan Apple sun rabu gida biyu. Wasu, ƙarƙashin Tony Fadell, na ganin a faɗaɗa tsarin iPod. Wasu kuma, ƙarƙashin Scott Forstall, wanda ya biyo Jobs daga NeXT, na ganin a rage Mac OS X har ta shiga aljihu.

Ɓangaren Forstall ne ya yi nasara. Ma'anar wannan ita ce iPhone cikakkiyar kwamfuta ce, wadda za ta iya ɗaukar kowace irin manhaja idan aka bari.

Jobs bai bari ba. Hujjarsa ita ce waya ba kamar kwamfuta ba ce: manhaja ɗaya maras kyau za ta iya cinye batir, ta hana kira shiga, ko ma ta dagula layukan kamfanin sadarwa. A watan Yunin 2007 ya shaida wa masu ƙirƙirar manhaja cewa su yi shafukan intanet da za a riƙa buɗewa ta manhajar Safari, hakan ya wadatar.

Abin bai yi musu daɗi ba. Sun ga yadda manhajojin Apple ke gudu, sun kuma san shafin intanet ba zai kama ƙafarsu ba, musamman a kan layin sadarwa mai tafiyar hawainiya irin na wancan lokaci.

An fara sayar da wayar a Amurka ranar 29 ga watan Yuni. Cikin 'yan makonni masu kutse suka fasa makullanta, suka shiga sanya mata wasanni da manhajojin da suka ga dama. A watan Agusta wani yaro ɗan shekara 17, George Hotz, ya buɗe ta har ta yi aiki da layin wani kamfanin da ba AT&T ba.

Apple ya riƙa toshe kafofin, su kuma suna buɗe wasu. Mutumin da ya fara sana'a da yaudarar layukan tarho ya wayi gari yana farautar irinsa.

A cikin gida ma an matsa masa. Arthur Levinson, ɗan hukumar daraktoci, da Phil Schiller, shugaban sashen tallace-tallace, na cikin waɗanda suka yi ta jan hankalinsa cewa idan Apple bai buɗe ƙofa ba, wani zai buɗe tasa.

A ranar 17 ga watan Oktoban 2007 Jobs ya sanar da cewa za a bai wa mutanen waje damar ƙirƙirar manhajojin iPhone. Bai saba yin amai ya lashe a bainar jama'a ba, amma idan ya yi, yakan rungumi sabon ra'ayin kamar dama shi ya kawo shi.

Sarkin kasuwa

Sharuɗɗan, waɗanda aka bayyana a watan Maris na 2008, sun nuna cewa bai saki ragamar ba.

Mai son sayar da manhaja zai biya dala 99 a shekara. Ba zai iya kai ta ga jama'a ba sai ta kantin Apple. Ma'aikatan Apple za su duba kowace manhaja kafin a kafa ta. Shi zai sa farashi, amma a duk abin da aka saya Apple zai ɗauki kashi 30 cikin 100, ya ba shi 70. Manhajar kyauta kuwa ba a karɓar komai a kanta.

Wato Apple ne mai filin kasuwar, shi ne sarkin kasuwa, shi ne dillalin da ke karɓar la'ada, kuma yana da tasa rumfar a ciki.

Duk da haka mutane da yawa sun ga garaɓasa ce. Ba Jobs ne ya ƙirƙiro manhajar waya ba, domin wayoyin Nokia da Palm da BlackBerry sun daɗe suna karɓar manhajojin waje. Amma samun su wahala ne, biyan kuɗinsu wahala ne, kuma kamfanonin sadarwa ne ke yanke shawarar abin da zai shiga, suna ɗaukar kaso mai tsoka. A sabon tsarin, ɗalibi daga ɗakin kwanansa zai iya sayar wa mutanen ƙasashe da dama, kuma mai saye taɓa allo kawai zai yi.

An buɗe App Store ranar 10 ga watan Yulin 2008 da manhajoji kusan 500. A ƙarshen makon farko an sauke manhaja sau miliyan 10. A watan Afrilun 2009 adadin ya kai biliyan ɗaya.

Babbar manhajar wayar ta riƙa girma tare da kasuwar. A 2008 aka raɗa mata suna iPhone OS. Zubi na uku, na 2009, ya kawo damar kwafar rubutu da liƙawa, wadda abin mamaki babu ita a da, da kuma damar yin ciniki daga cikin manhaja. Wannan na biyun ne ya sauya yanayin kasuwar baki ɗaya, domin daga nan aka koma ba da manhaja kyauta ana karɓar kuɗi a ciki kaɗan-kaɗan.

A 2010, bayan fitowar iPad, aka gajarta sunan zuwa iOS, aka kuma bari manhajoji su ci gaba da wasu ayyuka ko da an koma kan wata.

A wannan kanti ne WhatsApp ta fara bayyana a 2009, kafin ta isa sauran wayoyi. Haka ma Instagram a 2010.

Kamfanin Google ya buɗe nasa kantin na wayoyin Android a watan Oktoban 2008, wanda daga baya ya koma Google Play, da irin wannan rabo na 70 da 30, sai dai ya bar mutane su sanya manhaja daga wasu wurare. BlackBerry da Nokia sun biyo baya a 2009, amma masu ƙirƙirar manhaja sun riga sun karkata. Nokia ya yi watsi da babbar manhajarsa ta Symbian a 2011, ya kuma sayar wa Microsoft sashen wayoyinsa a 2014.

Jobs ya ɗauki Android a matsayin satar fasaha, kuma ya yi fushi ƙwarai. Shugaban Google, Eric Schmidt, ya bar hukumar daraktocin Apple a 2009, sannan Apple ya kai kamfanonin HTC da Samsung kotu. Amma Android ce ta kai irin wannan waya hannun masu ƙaramin ƙarfi a Afirka da Asiya, inda farashin iPhone ya fi ƙarfin mafi yawan jama'a.

Wa ke tsare mai tsaro?

Tun a watannin farko aka fara ƙorafi kan ikon da Apple ya bai wa kansa.

A watan Agustan 2008 Jobs ya tabbatar da cewa kamfanin na da hanyar kashe manhaja daga nesa ko da tana cikin wayar mutum. A 2009 aka hana manhajar Google Voice shiga kantin, har hukumar sadarwa ta Amurka ta nemi bayani.

A ƙarshen wannan shekara aka ƙi karɓar manhajar wani mai zanen barkwanci, Mark Fiore, saboda tana shaguɓe ga 'yan siyasa. Da ya ci lambar yabo ta Pulitzer a watan Afrilun 2010, sai aka nemi ya sake turo ta, aka karɓa. Masu suka sun tambaya: wanda bai ci lambar yabo ba fa?

A watan ne kuma Jobs ya wallafa doguwar wasiƙa yana kare matakin hana fasahar Flash ta kamfanin Adobe shiga wayoyinsa. A nan kam lokaci ya ba shi gaskiya, domin Adobe da kansa ya daina yin Flash na waya a ƙarshen 2011.

Ya kuma tsaya kai da fata wajen hana manhajojin batsa, matakin da iyaye da dama suka yaba. Sai a watan Satumbar 2010 Apple ya wallafa ƙa'idojin da yake bi wajen tantancewa, bayan shekara biyu ana yanke hukunci ba tare da rubutacciyar doka a fili ba.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun sha bayyana shi a matsayin mutum mai zafin rai, wanda kan ci mutuncin ma'aikaci a gaban jama'a. Ya yi shekaru yana musanta cewa shi ne mahaifin 'yarsa ta fari, Lisa, wadda aka haifa a 1978, kafin daga baya ya karɓe ta. A 2010 kuma kamfaninsa ya sha suka bayan da ma'aikata da dama suka kashe kansu a masana'antun Foxconn da ke Chaina, inda ake haɗa iPhone.

Rashin lafiya

An gano ciwon daji a gaɓar cikinsa da ke samar da sinadarin insulin a watan Oktoban 2003. Nau'in da ya kama shi na cikin waɗanda ake iya yi wa tiyata, amma ya yi wata tara yana gwada tsarin abinci da wasu magunguna kafin ya yarda aka yi masa aiki a watan Yulin 2004.

An yi masa dashen hanta a 2009. Ke nan duk shekarun da aka gina iPhone da kantinta, yana fama da cutar.

A watan Yunin 2011, a rame, ya gabatar da iCloud a taron da aka nuna iOS 5, zubin da ya raba wayar da dogaro da kwamfuta. Wata guda bayan haka Apple ya ce kantin na da manhajoji 425,000, an sauke manhaja sau biliyan 15, kuma an biya masu ƙirƙirar su dala biliyan biyu da rabi.

Ya sauka daga shugabanci ranar 24 ga watan Agusta, Tim Cook ya gaje shi. A ranar 4 ga watan Oktoba aka ƙaddamar da iPhone 4S mai ɗauke da Siri, wadda ita ma ta fara ne a matsayin manhajar wani ƙaramin kamfani a App Store kafin Apple ya saye ta a 2010.

Washegari, 5 ga watan Oktoban 2011, Steve Jobs ya mutu a gidansa da ke Palo Alto yana da shekara 56. Ya bar matarsa, Laurene Powell, da 'ya'ya huɗu.

Bayansa

Forstall ya bar Apple a ƙarshen 2012, kuma a 2013 aka sauya wa iOS kama gaba ɗaya. Amma tsarin kasuwar ya daɗe yadda Jobs ya bar shi.

Gwamnatoci sun gane cewa ƙofa ɗaya ta fi sauƙin rufewa. A 2017 Apple ya cire manhajojin kauce wa takunkumin intanet daga kantinsa na Chaina, a 2024 kuma ya cire WhatsApp a can bisa umarnin hukumomi.

La'adar kashi 30 ma ta sha ƙalubale. Kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya kai Apple kotu a 2020, kuma daga 2021 aka rage kason zuwa 15 ga waɗanda cinikinsu bai wuce dala miliyan ɗaya a shekara ba.

A watan Maris na 2024, bisa tilascin wata sabuwar dokar Tarayyar Turai, Apple ya ƙyale masu iPhone a ƙasashen ƙungiyar su sauke manhaja daga wasu kantunan da ba nasa ba. A watan Afrilun 2025 Tarayyar ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 500, saboda hana masu manhajoji nuna wa jama'a inda za su yi ciniki da rahusa a wajen kantin.